Amsa: Ta yaya ake auna amfanin cibiyar bincike ga tattalin arziki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yawan takardun da cibiya ta wallafa da kuɗin lasisin da ta tara (wato abin da kamfanoni ke biya don amfani da fasaharta) sun isa hujja. A ganina ba su isa ba, shaida ce kawai cewa an yi aiki.

Abin da za ka fara tambaya shi ne: da babu cibiyar, me zai faru? Haka masanin tattalin arziki Zvi Griliches ya yi a 1958 a kan ingantaccen irin masara a Amurka. Ya ƙiyasta ƙarin amfanin gonar da aka samu, ya auna shi da kuɗin da gwamnati da kamfanoni suka zuba a binciken tsawon shekaru. Idan za ka bi sahunsa, saka har da ayyukan da suka ci tura, don su ne rahotanni ke yawan ɓoyewa.

Auna cibiya da kuɗin lasisi kaɗai kuwa yana rage mata daraja. Dubi cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Jamus da fasahar MP3: ta samu kuɗi sosai, amma kaso mafi tsoka na amfanin fasahar ya tafi ga kamfanoni da masu sauraro. Sannan ka ba abin lokaci. Binciken noma kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya nuna a gona, lissafin shekara uku zalunci ne gare shi.