Tsohuwar motar dizal mai gardamar tashi da safe: kada ka kwance famfon tukuna

Tambaya: Oga, tsohuwar motar nan mai injin dizal ta sake dawowa. An sa mata sabon batir, an canza hita huɗu masu ɗumama silinda kafin a tayar da inji, da filtar mai, amma kullum da safe sai an daɗe ana murza makulli kafin ta kama. In ta tashi kuwa, duk yinin ranar taɓawa ɗaya take tashi. Mai ita ya ce a kwance famfon injekta a kai wa masu gyaransa. In kwance?

Amsa: A'a yarona, bar famfon nan a inda yake. Shi ne mafi tsada a duk abin da ke kai mai cikin injin, kuma shi ne abu na ƙarshe da ake tuhuma. Abin da ka faɗa ma ya kusa wanke shi. Famfon da ya cinye ya fi ba da wahala idan inji ya yi zafi, taka kuwa sai ta kwana take gardama. Matsalar tana da alaƙa da sanyi ko da daɗewar tsayuwa, kuma waɗannan biyun ba abu ɗaya ba ne. Aikinka na farko shi ne ka raba su.

Injin dizal ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Fistin ne ke matse iska har ta ɗau zafi, nozul ya fesa mai a kai, man ya kama da kansa. A tsofaffin injinan ƙananan motoci ana matse iskar kusan sau 21 zuwa 23. Don haka in ta ƙi tashi, ko dai injin ba ya juyawa da saurin da ya kamata, ko zafin bai isa ba, ko man bai iso ba, ko ya iso ba a kan lokaci ba. Salansa ce za ta gaya maka wanne ne. Gobe da safe, kafin kowa ya taɓa motar, ka sa wani ya murza makulli, kai ka tsaya a baya. In ana ta juyi babu hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya shiga silinda. In farin hayaƙi ne mai warin ɗanyen dizal da ke sa ido hawaye, man yana shiga amma bai samu zafin da zai ƙone shi ba. Abin da na fi zato a motarka shi ne babu hayaƙi na ɗan lokaci, sannan farin hayaƙi ya biyo, ta kama tana tsalle-tsalle, wani lokaci ta mutu bayan daƙiƙa kaɗan sai an sake. Wannan alamar iska ce a layin mai.

Kafin mu je can, ka tabbatar da wuta, domin sabon batir ba shaida ba ne. Sa mita a kansa bayan ya kwana: cikakken batir yana nuna volt 12.6, in ka ga 12.2 rabi ne. Bar mitar a wurin a murza makulli. Kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Motar na aiki kuma ka ga 13.8 zuwa 14.4, in ba haka ba altaneta ba ta cika shi, kuma ko batir nawa aka saya haka za su kwana da yunwa. Abin da yara suka fi tsallakewa shi ne waya. Ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir na fositif, ɗayan a kan babban notin kik, a murza. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya, kada ya wuce rabin volt. Haka za ka yi daga kan batir na negetif zuwa jikin inji, nan kuma kada ya wuce 0.3. Wayar as, wato wadda ta haɗa negetif da jikin inji, da ta yi kore a cikin robarta tana iya yi maka kyau a ido alhali ta cinye ƙarfin kik. Taɓa wayoyin bayan an murza, inda ya yi ɗumi nan ne ɓarnar take. Injin dizal yana son juyi kusan 200 a minti kafin ya tashi cikin sauƙi. In kik ya gaji, burushinsa sun cinye ko bushin ya yi lako-lako, zai juya injin amma a sanyaye, iskar da ake matsewa ta samu lokacin sulalewa ta gefen ringi, zafin kuma ya tafi cikin ƙarfe. Kunne yana sabawa da kik mai rauni har ka ɗauka daidai yake, shi ya sa ake aunawa.

Hita kuma, an canza su, na ji. Amma wuta tana isa gare su? Fitilar da ke kunnawa a dashbod ba ta tabbatar da komai, a motoci da yawa tana kunnawa ta mutu ko da hitar ba ta samu wuta ba. Inji na sanyi, sa mita a kan ƙarfen da ya haɗa kawunan hitar, buɗe makulli. Ya kamata ka ga volt 10 zuwa 11 da wani abu, ya tsaya na wasu daƙiƙu. In babu, duba fis ɗinsu, wani siririn ƙarfe ne mai ɗaukar amfiya 50 zuwa 80, yakan tsage tsagewar da sai ka kwance shi za ka gani. Daga nan sai rile, wato makunnin da ke sakar wa hitar wuta. In wutar ta zo ta ɗauke nan take, ka tuhumi sansan zafin ruwa, wataƙila yana gaya wa rile cewa injin da zafi alhali da sanyi. Ka cire ƙarfen haɗin ka auna kowace hita ita kaɗai tsakanin kanta da jikin inji: lafiyayya tana kusa da om 1, wadda ta yanke ba za ta nuna komai ba. In ba ka cire ƙarfen ba, guda ɗaya mai kyau za ta rufa wa ukun asiri. Ka karanta lambar da ke jikinsu ma. Hitar volt 24 a motar volt 12 za ta auna lafiya amma ba za ta yi ja ba, wasu motocin Japan kuma hitarsu ta volt 6 ko 7 ce, in aka sa mata ta 11 ba ta yin zafi a lokacin da aka ba ta.

Yanzu ga inda nake so ka zauna da kyau. A yawancin waɗannan tsofaffin motoci babu famfo a cikin tanki. Famfon da ke jikin inji ne ke zuƙo mai tun daga baya, ta cikin filta. Ma'ana layin nan duka a zuƙe yake, ba a tura yake ba. Rami ƙarami a irin wannan layi ba ya ɗigar da mai waje, iska yake sha. Shi ya sa za ka duba ƙarƙashin mota ka ga ƙasa a bushe ka ce babu yoyo. Kamar tsinken shan lemo ne: muddin yatsanka na toshe da samansa ruwan yana tsaye a ciki, kana ɗagawa ya zube. Da daddare iska tana shiga ta wannan rami a hankali, man ya koma tanki, da safe sai kik ya yi aikin zuƙo shi daga farko. Da rana kuwa tsayuwar awa ɗaya ko biyu ba ta isa man ya gama komawa ba, shi ya sa take tashi taɓawa ɗaya.

Gwajin ba ya cin komai. Da safe, kafin a murza makulli, danna famfon hannu da ke kan filta. In ya yi laushi sai ka danna da yawa kafin ya yi tauri, sannan motar ta tashi nan take, ka kama ɓarawonka. Don ka gani da idonka, cire tiyon da ya taso daga filta zuwa famfon injekta, ka sa farin tiyo wanda ake ganin cikinsa, ka ɗaure bakunansa da kyau. Tayar da motar. Ɗan ƙwayar iska jefi-jefi ba komai ba ne, amma in ka ga kumfa na bin juna ba ƙaƙƙautawa, tana shan iska tana tafe. Kashe ta ka bar ta ta kwana. In da safe ka tarar tiyon rabinsa iska ne, ko babu mai sam, magana ta ƙare. Sai neman ramin. Mayar da farin tiyon gaban filta, wato ɓangaren da ya taso daga tanki. In nan babu kumfa amma bayan filta akwai, laifin yana kan filtar. In tun daga nan akwai kumfa, ka bi layin zuwa tanki.

Tunda an canza filta kwanan nan, fara da ita. Tsohuwar robar takan maƙale a sama a ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu ba sa rufewa. Duba notin zubar da ruwa da ke gindinta da ƙaramin notin fitar da iska da washarsa. Shi kansa famfon hannun robar cikinsa tana tsagewa idan ya tsufa, ƙananan bawul ɗinsa su daina riƙewa. Sai ƙananan tiyoyin nan masu saƙar zare da ke bi daga nozul zuwa nozul suna mayar da ragowar mai. Zafin inji yana busar da su har su yi tauri, in ka lanƙwasa ɗaya za ka ga tsaga a bakinsa. Kada ka yanke bakin ka mayar, canza su duka, har da 'yar hular da ke toshe nozul na ƙarshe. Su ne suka fi jawo wannan ciwo, kuma su ne mafi araha a cikin injin. Bayan su ka duba bututun ƙarfe da ke bin ƙarƙashin mota, musamman inda maɗauri ya riƙe shi, nan tsatsa ke ci. In ka ga danshi kawai ba ɗigo ba, ya isa.

In kana son hukunci na ƙarshe, cika jarka mai tsabta da dizal, ka ɗora ta sama da famfon, ka sa tiyon shiga da na dawowa duka a cikinta, ka bar motar ta kwana a haka. In ta tashi da safe ba gardama, famfo da nozul da matsi duk lafiyarsu ƙalau. Wasu sukan sa bawul mai hana mai komawa baya su ce an gama. Yana taimakawa, amma ramin yana nan, wata rana zai buɗe har motar ta mutu a kan hanya.

In farin tiyon a cike yake amma har yanzu babu hayaƙi, saurari solonoyid ɗin da ke kan famfon, wato bawul ɗin wuta da ke buɗe wa mai hanya. A famfon Bosch VE da na Lucas waya ɗaya ce ke zuwa kansa, ana buɗe makulli za ka ji ƙas. Auna wutarsa lokacin da ake murzawa, domin tsohon makulli yakan ba shi wuta a matakin farko ya ɗauke a matakin tayarwa. Sannan sassauta notin bututun nozul ɗaya da sifana 17, ka rufe da tsumma, a murza, ka ga ko mai na tsartuwa. Kada yatsanka ya kusanci wurin, man da ke fita da wannan ƙarfi yana huda fata, kuma raunin na asibiti ne nan take. Wannan gwaji na injin mai famfon gargajiya ne kawai. A injin zamani mai bututu ɗaya da kwamfuta ba a sassauta komai ana murzawa.

In kuwa farin hayaƙi ne tun daga juyin farko, hita na aiki, kik na gudu, to sai a koma kan matsi. Auna gibin bawul da filagej, wato siraran ƙarafan auna gibi, inji na sanyi, bisa lambar littafin injin. Bawul ɗin da ya matse ba ya zama daidai a kujerarsa, matsi ya gudu ta nan, kuma gyaran na awa ɗaya ne. Bayan haka ka sa gejin matsi na dizal ta ramin hita ko na nozul, ka cire wayar solonoyid don kada mai ya shiga. Lafiyayyen inji irin wannan yana ba da bar 25 zuwa 30. In ya sauko ƙasa da 20 tashin safe zai yi wuya, kuma bambancin silinda da silinda kada ya wuce bar 5. Kada ka tuttula baƙin mai a silinda don gwada ringi yadda ake yi wa injin fetur, wurin da ya rage a saman fistin ɗan kaɗan ne, kana iya lanƙwasa kwanrod, wato sandar da ke riƙe da fistin. Duba alamomin taimin ma, bel da ya tsallake haƙori ɗaya ko sarƙar da ta miƙe suna jinkirta feshi, su kawo farin hayaƙi da wahalar tashi.

Abu biyu nake roƙonka duk tsawon aikin nan. Kada ka murza kik fiye da daƙiƙa 15 a jere, ka ba shi kamar minti ɗaya ya huce. Kuma kada ka fesa maganin tayar da inji ko ka kanga tsumman fetur a bakin iska. Yana haɗuwa da hita mai zafi ya fashe tun fistin bai kai sama ba, ya karya ringi, motar da ke gardama da safe kawai ta koma ba ta tashi sai da shi.

Famfon da ya isa a kwance alamarsa daban ce: motar na tashi da sanyi, amma in ta yi tafiya aka kashe ta minti goma sai ta ƙi, sai ta huce. Man da ya yi zafi yana tsinkewa ya sulale ta gefen fulanjan da ya cinye, wato ɗan fistin da ke tura mai a cikin famfon, a juyin kik ba ya tara ƙarfin buɗe nozul. In ranar ta zo, ka kawo injin kan alamar taimin, ka yi zane a jikin famfon da mazauninsa kafin ka sassauta noti, ka toshe bakin kowane bututu don kada ƙura ta shiga. Ka haɗa da nozul ɗin duka a gwada feshinsu, nasu na irin wannan inji yana buɗewa ne tsakanin bar 115 da 150 gwargwadon injin, kuma wajen mayarwa kowanne da sabuwar washarsa.