Ku Tambaya Mu Amsa: Daga Tudun Jos Zuwa Ƙarƙashin Teku

Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga Jos suka fito, daga masu shirin hutu a Zanzibar ko gaɓar Bahar Maliya da ke son ganin duwatsun murjani da idonsu. Mun zaɓi biyar.

Tambaya: Zan kai iyalina Zanzibar. Na ga wasu na yawo a saman ruwa da bututu a baki, wasu kuma suna nutsewa da tukunyar iska a baya. Ban iya iyo ba. Wanne ya dace da ni? Daga wani mai karatu, Gangare.

Malam, na bututun shi ne naka. Kana kwance rub da ciki a saman ruwa, fuskarka a ciki, kana numfashi ta bututun da kansa ke waje, kana kallon abin da ke ƙasa. Kayan aikin huɗu ne: gilashin fuska da ke rufe ido da hanci, bututu mai tsawon kimanin santimita 40, takalmin iyo mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, sai rigar ceto. Ga wanda bai iya iyo ba, rigar ceton dole ce, kuma kada kunya ta hana ka gaya wa mai jirgi gaskiya tun kafin ku bar gaɓa.

Gilashin ne ke ɓata wa yawancin mutane rana. Gwada shi haka: ɗora shi a fuska ba tare da ka sa igiyar ba, ka ja iska kaɗan ta hanci, ka saki hannunka. In ya manne, girmanka ne. Ƙara ɗaure igiya tamau ba ya hana yoyo, murɗe robar yake yi ruwa ya sami hanya. Gemu ba ya kawo matsala, gashin baki ne ke ɗaga robar a ƙarƙashin hanci. A rage layin sama kaɗan ko a shafa man silikon. Don kada gilashin ya yi hazo, a tofa yawu a ciki, a goge da yatsa, a ɗauraye sau ɗaya. In ruwa ya shiga bututun, ka hura da ƙarfi sau ɗaya, sannan ka ja numfashin gaba a hankali.

Nutso da tukunya kuwa karatu ne. A kwas ɗin farko na PADI, wata ƙungiyar koyar da nutso ta duniya, sai ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ka kuma yi minti 10 a saman ruwa ba ka dafa komai ba. Bayan darussan cikin kwamin wanka, ana nutso huɗu a teku da malami, kuma takardar shaidar da za a ba ka ta tsaya a zurfin mita 18. In kana da niyya, fara koyon iyo tun a gida, a kwamin da ke da mai tsaro. Amma don Allah ban da kududdufan tsoffin ramukan kuza da ke kewaye da Jos da Bukuru. Gefensu a tsaye yake kamar rijiya, ƙasansu laka ce mai riƙe ƙafa, ruwan ga sanyi ga duhu, kuma sun ci rayuka da yawa.

Tambaya: Na gwada nutso sau ɗaya, ko mita uku ban kai ba kunnena ya ɗauki zogi kamar ana soka mini tsinke. Ciwo ne da ni? Daga wata mai karatu, Rayfield.

Hajiya, da wuya ciwo ne. Kin san yadda kunne ke toshewa in mota tana gangara Hawan Kibo, sai kin haɗiye yawu ya buɗe? Abu ɗaya ne, sai dai ruwa ya fi iska nauyi nesa ba kusa ba. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara matsi daidai da nauyin duk iskar da ke samanmu. A mita 10 matsin ya ninka biyu ke nan, iskar da ke bayan dodon kunne ta matse ta koma rabi, ruwa yana tura dodon ciki. Canjin ya fi tsanani a mitocin farko, shi ya sa zogin ya same ki da wuri.

Maganin shi ne a riga zogin. Tun kina sama ki toshe hanci da yatsu biyu, ki hura a hankali har ki ji kunnen ya ɗan yi ƙas. Ki maimaita a kowace mita, ki sauka ƙafa ƙasa kai sama, kina riƙe da igiyar jirgi. In kunnen ya ƙi, ki koma sama mita ɗaya ki sake gwadawa. Kada ki hura da ƙarfi, hakan na iya ji wa kunnen ciki rauni. In kina mura, ki haƙura da nutso a ranar, domin majina ta toshe 'yar hanyar da ke tsakanin maƙogwaro da kunne. Masu shan maganin mura su shiga suna ganganci: ƙarfinsa na iya ƙarewa a ƙasa, iska ta maƙale a kunne lokacin tasowa.

Akwai abin da ya fi kunne haɗari, kuma muna so kowa ya riƙe shi: mai tukunya ba ya riƙe numfashi, ko na daƙiƙa kaɗan. Iskar da aka shaƙa a mita 10 tana kumbura ta ninka biyu kafin a iso sama. Wanda ya firgita ya rufe baki ya yi sama a guje zai iya yaga huhunsa, ko da daga mita biyu ya taso.

Tambaya: An ce kada mutum ya hau jirgin sama bayan nutso. Gaskiya ne? Jirgina zai tashi da safe, na so in yi nutson ban kwana da yamma. Daga wani mai karatu, Unguwar Rogo.

Gaskiya ne, ɗan'uwa, ka soke wannan nutson. Abin da ke cikin tukunya ba oksijin zalla ba ne, iskar duniya ce aka matse: kashi 21 cikin 100 oksijin, kusan duk sauran naitirojin. A ƙarƙashin matsi naitirojin na narkewa cikin jini da tsoka, yana kuma fita sannu a hankali ta numfashi. In matsin ya ragu farat ɗaya, sai ya taso da kumfa, kamar gorar kunun zaƙin da ta kwana aka ɓalle murfinta. Kumfar nan a gaɓoɓi ciwo ce mai tsanani, a laka ko ƙwaƙwalwa kuwa shanyewar jiki.

Shi ya sa ba a tasowa da saurin da ya wuce mita 18 a minti ɗaya, yawancin agogunan nutso ma rabin haka suke yarda da shi, kuma ake tsayawa minti 3 a zurfin mita 5. Cikin jirgin fasinja matsin iska kamar kana kan tudu mai mita 1,800 zuwa 2,400 ne. Ƙa'idar ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Mu muna cewa ka cika 24. Abokin tafiyarka na Legas zai sauka daidai da teku, kai kuwa gidanka yana sama da mita 1,200. In ka ji kasala marar dalili, ko ciwon kafaɗa da gwiwar hannu, ko jiri, ko wani sashe na jiki ya yi sanyi kamar ba naka ba, kada ka ce gajiyar hanya ce ko zazzaɓin sauro. Ka je asibiti, ka faɗa wa likita ka yi nutso da lokacin da ka fito, a sa maka oksijin nan take.

Tambaya: Jinina AS ne, kuma tafiyar za ta iya faɗawa cikin azumi. Wane kaya kuma mace za ta sa? Daga wata mai karatu, Rikkos.

Malama, mai SS ba ya nutso da tukunya, wannan babu ja. Mai AS sai likita ya duba ya sa hannu a takardar lafiyar da makarantar nutso ke bayarwa. Haka mai asma, ciwon zuciya ko ciwon suga. Mai farfaɗiya da mai juna biyu su tsaya a gaɓa. Da azumi ba ma ba da shawarar nutso: iskar tukunya busasshiya ce ƙarau, ƙarancin ruwa a jiki na ƙara haɗarin kumfar da muka ambata, ga shi ruwan gishiri na shiga baki ko an ƙi ko an so.

Kayan nutso na roba mai kaurin milimita 3 yana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu. Ki haɗa da hular iyo mai rufe kai da wuya, da doguwar rigar iyo a sama. Zurmemen hijabi da zane su jira ki a cikin jirgi, domin in sun jiƙe suna nauyi, suna naɗe ƙafa. Gefen hular kada ya shiga ƙarƙashin robar gilashi, zai jawo yoyo.

Tambaya: Wane wata ya fi, kuma zan iya ɓallo ɗan murjani in kawo tsaraba? Daga wani mai karatu, Bukuru.

A Zanzibar ka kauce wa Afrilu da Mayu, lokacin babbar damina. Yuni zuwa Oktoba rani ne, Disamba zuwa Fabrairu kuma zafi da ruwa mai ɗumi. Ka tafi da katin rigakafin cutar shawara. Ruwan da ke kewaye da tsibirin Mnemba ya yi suna, ana zuwa ta Matemwe, amma ba a yarda baƙo ya sauka kan tsibirin ba. A Chumbe kuwa leƙe da bututu kawai ake yi.

Tsarabar dai a'a. Abin da kake gani kamar dutse gidan ƙananan halittu ne masu rai, kuma manyan dunƙulallun ba sa wuce santimita ɗaya zuwa biyu a shekara. Guntun da zai shige aljihunka aikin shekaru ne, fita da shi kuma na iya haɗa ka da kwastan. Ko taka shi ba a yi. Akwai wani murjani mai ruwan ɗorawa da fararen baki da ke ƙuna kamar garwashi. A wanke wurin da ruwan teku, kada a sosa. A gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, teku na janyewa nesa, mutane su bi ta kan fili suna kallo, a nan ake taka bushiyar teku mai dogayen baƙaƙen ƙayoyi. Ka sa takalmin roba mai kaurin tafi. In an taka, a tsoma ƙafar a ruwan zafin da fata za ta iya jurewa, kimanin digiri 45, na minti 30 zuwa 90, a zare ƙayoyin da suka fito fili a hankali domin saurin karyewa gare su. Wadda ta shige kusa da gaɓar ƙashi a bar wa likita.