Wai 'yan mishan ne suka share wa Turawan mulkin mallaka hanya?

Tambaya: Malam barka da ƙoƙari. Gardama ce ta kaure a majalisarmu, wasu sun ce 'yan mishan su suka jawo mana Turawa, wasu kuma sun ce babu ruwansu. Ina gaskiyar take?

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, kowanne ɓangare ya riƙe wani abu, sai dai ya danganta da inda ake magana.

A kudu dai ba a ja, mishan sun riga gwamnati isa. 'Yan CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, sun zauna a Abekuta tun 1846, kuma suna cikin masu matsa wa Ingila lamba ta cire Sarkin Ikko Kosoko saboda cinikin bayi, har jiragen yaƙi suka yi wa garin Ikko luguden wuta a 1851, bayan shekara goma Ingila ta haɗiye shi gaba ɗaya. Ni a ganina da yawansu da gaske suke ƙyamar bauta, amma fa sun ɗauka aikinsu ba zai tafi ba sai da inuwar tutar ƙasarsu, nan ne hannunsu ya shiga dumu-dumu.

A ƙasar Hausa kuwa labarin daban ne. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller na CMS da abokan tafiyarsu suka shiga Kano, Sarki Alu ya ƙi ba su wurin zama ya ce su fice, suka koma Girku ta ƙasar Zazzau. Kano ba ta faɗi ba sai 1903, kuma bindigar sojan Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ce ta ci ta ba wa'azi ba. Shi Luggan da ya je Sakkwato alkawari ya yi ba za a taɓa addini ba, don da sarakuna yake son yin mulki, shi ya sa razdan-razdan suka riƙa taka wa mishan burki a biranen Musulmi, su kuma mishan suna ta ƙorafin gwamnatinsu ta fifita Musulunci. Sai ƙarfinsu ya karkata wajen Filato da kudancin Kaduna da Binuwai, da makarantu da asibitoci.

Miller ne ya samu zama cikin birnin Zariya a 1905, shi ma daga baya aka mayar da mishan ɗin Wusasa, wajen ganuwa.