Tambaya da Amsa: Wane gari ya dace mai iyali ya sayi gida?

Tambaya: Ni magidanci ne, 'ya'yana uku. A birnin da nake aiki kuɗina ba za su wuce ƙaramin gida ba, amma akwai wani gari mai nisan tafiyar minti 45 a mota inda kuɗin nan za su saya mini gida babba har da fili. Wanne kuke ba ni shawara?

Amsa: Malam, kafin girman gidan ya ɗauke maka hankali, ɗauko takarda da biro. Ma'aunin da masu harkar gidaje suka daɗe suna aiki da shi shi ne kada abin da gida yake ci duk wata, wato biyan rance idan da rance aka saya, da haraji da inshora, ya haura kashi 30 cikin 100 na abin da ke shigo maka. Idan aka haɗa da kuɗin zirga-zirga, kada jimlar ta wuce kashi 45. A nan ne gidan nesa yake rama araharsa: mai, gyaran mota, tayoyi, wani lokaci har da mota ta biyu saboda kai yara makaranta. Ka kuma ware kimanin kashi 1 cikin 100 na kuɗin gidan duk shekara domin gyara, ka tuna cewa babban gida rufinsa da fentinsa da bututunsa duk manya ne.

Sai lissafin lokaci. Minti 45 zuwa, 45 dawowa, kwana biyar a mako, mako 48 a shekara, ya kama sa'a 360 kana kan hanya. Shi ma minti 45 ɗin kada ka karɓa daga bakin dillali. Ka bi hanyar da kanka ranar aiki, da sassafe da kuma lokacin tashi, sannan ka sake binta ranar da aka yi ruwa.

Ka tambaya kuma, da me garin yake rayuwa? Garin da masana'anta ɗaya ko ma'aikata ɗaya ke riƙe da shi, ranar da ta rufe darajar gidaje na bin ta. Birnin Detroit na Amurka, wanda ya dogara da ƙera motoci, yana da mutum kusan miliyan 1.85 a 1950. A ƙidayar 2020 bai kai dubu 640 ba, unguwanni suka cika da gidajen da babu mai saye. Idan ka ga shaguna a kulle jere da juna, da allunan sayar da gida da rana ta koɗar da rubutunsu, ka yi hattara. Shawararmu: ka kama haya a garin na tsawon zangon karatu ɗaya ko biyu. Asarar kuɗin haya ta fi sauƙi a kan gidan da ka saya ka kasa sayarwa.

Tambaya: Mun je mun ga gari, ya yi mana kyau, ga shuru ga itatuwa. Ta yaya zan tabbatar ya dace da ƙananan yara? Babbar tana da shekara bakwai, ƙaramin yana goye.

Amsa: Malama, ganin da kuka yi daga cikin mota ne, shi kuwa yaro da ƙafa yake sanin gari. Ki riƙe hannun babbar ku taka daga ƙofar gidan da kuke so zuwa makaranta, a daidai lokacin da yara ke tafiya. Babban mutum yana cin mita 400 a kusan minti biyar, yaro ya fi haka jinkiri, don haka makarantar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi ta zama ta abin hawa ke nan. A hanya ki ƙirga titi nawa za ta tsallaka, ki duba ko akwai gefen masu tafiya a ƙasa, da irin gudun da motoci suke yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma wanda mota ta buge tana gudun kilomita 30 a sa'a yana da kusan kashi 90 na tsira, amma a gudun kilomita 45 damar ba ta kai rabi ba. Gida a lungun da ba ya ɓullewa ya fi wanda ke kan layin da direbobi suka mayar hanyar yanke.

Babban titi ma yana da nasa lahanin ko da yaro bai tsallaka shi ba. Hayaƙin motoci ya fi kauri a bakin titi, sai an yi nisan mita 300 zuwa 500 yake lafawa, kuma yaran da ke kusa da shi sun fi fama da tari da asma.

Makaranta kuwa, sunanta da fentinta ba su isa ba. Ki tambayi yara nawa ne a aji, malamai nawa suka bar aiki a shekarar da ta wuce, da ko akwai gurbi a ajin 'yarki. A garuruwa da dama adireshin gida ne ke yanke makarantar gwamnatin da yaro zai shiga, sai ka ga layi ɗaya ya raba maƙwabta. Ki tabbatar daga ofishin ilimi kafin a biya ko sisi. Saboda na goye, ki gano asibitin da ke karɓar yara da tsakar dare, ba wanda ke rufewa da yamma ba, ki auna minti nawa ne zuwa can. Daga ƙarshe ki koma unguwar da la'asar. Idan yara na wasa a waje, iyaye na zaune suna kallonsu, kin sami amsar da babu takardar da za ta ba ki. Shurun da kika yaba, wani lokaci alama ce ta unguwar da babu yara a cikinta.

Tambaya: Mai gidan da nake so in saya ya rantse ruwa bai taɓa shiga ba, amma unguwar a kwari take. Zan iya yarda?

Amsa: Ɗan'uwa, gani ya kori ji. Ka dubi gindin katanga da bangon maƙwabta: ambaliya tana barin layi miƙaƙƙe na laka ko gansakuka. Sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, da warin danshi a ɗaki, da dakalin siminti da aka ɗaga a bakin kowace ƙofa, duk shaida ne. Ka bi magudanar ruwa ka ga inda take zubarwa, domin kwalbatin da ya yi ƙanƙanta ko ya toshe kan mayar da layi guda kogi. Ka nemi taswirar ambaliya a hukumar tsara gari. Idan an rubuta cewa wurin na ambaliyar shekara 100 ne, ma'anarsa damar kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, wadda cikin shekara 30 take taruwa ta kai kashi 26.

Tunda kwari ne, ruwan sha ma abin dubawa ne. Idan rijiya ko burtsatse gidan yake sha, ya kamata ta yi nisan aƙalla mita 30 daga kowane ramin masai, har da na maƙwabta. Ka kai ruwan ɗakin gwaji a duba ƙwayoyin cuta da sinadarin naitiret, wanda bai kamata ya wuce miligiram 50 a lita ba; idan ya yi yawa, jarirai yake fara yi wa illa, yana hana jininsu ɗaukar iskar oksijin.

Tambaya: Dillali ya ce za a gina makaranta da sabon titi kusa da gidan, shi ya sa kuɗin ya ɗan hau. In biya?

Amsa: A'a, Malam. Ka biya kuɗin abin da ke ƙasa yau. Je hukumar tsara gari ka nemi tsarin da aka amince da shi, ka ga ko aikin na ciki da ko an ware masa kuɗi. Tafiyar ma za ta nuna maka ko sabon titin ta kan gidan zai bi. Lauya ya binciki takardar mallaka a ofishin filaye don tabbatar da sunan mai sayarwa da cewa ba a jinginar da gidan ba, safiyo kuma ya auna iyakoki ya gwada da abin da ke rubuce, sannan a yi maganar kafin alƙalami.