Fim, zane da taswirar ƙasar da babu ita: dole ne in zaɓi ɗaya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin zane ne. Ina ɗaukar gajerun finafinai da waya, kuma ina zana taswirar ƙasashen da na ƙago da kaina. Abokaina suna cewa taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Mutum zai iya riƙe su duka har ya ci abinci da su?
Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ƙanena, zai iya, muddin ukun suna yi wa aiki ɗaya hidima. Abin da ke kayar da matasa shi ne fim ɗinsu na wani labari, zanensu na wani, taswirar kuma tana ajiye a jaka. Haɗa su a kan labari guda, ka ga yadda kowanne zai ciyar da ɗan'uwansa.

Akwai waɗanda suka bi wannan hanya. Akira Kurosawa na Japan da zane ya fara kafin fim, kuma lokacin da kuɗin shirya Kagemusha suka gagara, zama ya yi ya zana fitowa-fitowar fim ɗin da fenti, har aka samu masu zuba jari, fim ya fito a 1980. Daniel Reeve na New Zealand shi ya zana taswirori da rubuce-rubucen hannu da ake gani a finafinan The Lord of the Rings, Alan Lee kuma, wanda da zanen littattafai aka san shi, ya samu kyautar fim ta Oscar a 2004 saboda tsara wuraren fim na uku. Ka lura, dukkansu hannunsu ya nuna a zane tukuna. Shi ya sa nake ce maka ka ba zane mafi yawan lokacinka a yanzu.

Taswira kuwa, nan nake so ka nutsu, don nan ake gane wanda ya san aiki. Kogi daga tudu yake gangarowa, ƙananan rafuka su haɗu su zama babba, da wuya ya rabu sai kusa da bakin teku. Gari yana zama inda akwai ruwa, ko mashigi, ko mahaɗar fatake. Ka sa ma'auni: mai tafiya a ƙasa ɗauke da kaya da wuya ya wuce kilomita 30 a yini. Idan tsakanin birnin sarki da dajin da jarumarka ta ɓuya kilomita 200 ne, to saƙo ba zai isa kafin magariba ba, dole labarin ya bi abin da taswira ta ce.

Kuma don Allah kada ka tsaya kwaikwayon salon Turawa kaɗai. Nemi taswirar Al-Idrisi ta 1154, wadda ta sa kudu a sama. Nemi wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan mai yawon bincike, Clapperton, a Sakkwato a 1824. Ganuwa, ƙofofi, rijiyoyi, zango, sunaye da ajami: kayan aikinka ne, kuma ba su da yawa a kasuwa.

Idan taswirar za ta fito a fim, ka kaurara layi, domin siririn layi ɓacewa yake a kyamara. Jiƙa takardar da ruwan shayi, ka shanya, ka ninke ta sau da yawa har ta yi laushi kamar ta daɗe a aljihu. Yi kwafi uku aƙalla, don ɗan wasa zai yaga ɗaya. A kwamfuta, manhajar zane ta Krita kyauta ce kuma ta isa.

Batun kuɗi, da farko zane ne zai riƙe ka: bangon littafi, fosta, zanen fitowa ga daraktoci. Duk wanda ya sayi taswira a wurinka, ku rubuta a takarda ko ta littafi ce kawai ko har da fim, domin farashin ba ɗaya ba ne.