Amsa ga ƙanena mai son zuwa Saudiyya karatun kwantom

Salam ƙanena, na ga saƙonka, ka ce ka gama injiniyancin lantarki a BUK kana son zuwa nan Saudiyya ka yi mastas kan kwamfutar kwantom irin ta su IBM da Google, kana tambaya ko sai ka koma ka karanta fiziks daga farko. A'a wallahi, lantarkin nan naka shi ne jarinka, don rabin aikin faɗa ne da hayaniyar da ke ɓata sigina a cikin wayoyin lantarki.

Kubit shi ne ɗan abin da kwamfutar kwantom ke lissafi da shi, kamar 0 da 1 na kwamfutar da muka saba. Kubit ɗin su IBM da Google da ake kira transimon, wanda aka fito da shi a Jami'ar Yale a 2007, da'irar lantarki ce ƙarama da ake sanyayawa a firij na musamman har kusan digiri 273 ƙasa da sifili, kuma ba matakai biyu kawai gare shi ba 0 da 1, akwai na 2 da na 3 a sama. Shi yana aiki wajen gigahaz 5, amma tazarar 1 zuwa 2 ta bambanta da ta 0 zuwa 1 da megahaz 200 zuwa 300 ne kacal, to in ka turo siginar maikurowef da gaggawa sai ya zarce ya faɗa mataki na 2, lissafi ya lalace. Wata dabara ta 2009 da ake kira DRAG, gyara siffar siginar take yi don hana wannan zarcewar. Yanzu kuma wasu cewa suka yi ai matakan saman nan bai kamata a bar su a banza ba, a yi lissafi da su, mai matakai uku kenan kyutirit, sai dai fa na saman ya fi saurin zubewa kuma ya fi jin hayaniyar caji, ga kubit maƙwabtan juna suna shiga wa juna kamar tashoshin rediyo biyu a mita ɗaya. Nan ne ake neman mai hannu a tace sigina da auna ta, ni a ganina ya fi wanda ya haddace lissafi bai taɓa riƙe kebul ba.

Batun makaranta, duba jami'ar KAUST da ke Thuwal arewa da Jidda, ta masu digiri na biyu da na uku ce, da Turanci ake karatu kuma suna ba da kuɗin alawus, sai jami'ar KFUPM a Dhahran. Amma kar sunan kwantom ya ruɗe ka, injin kwantom da Aramco ta ƙulla yarjejeniyarsa da kamfanin Pasqal na Faransa a 2024 na atom ne, ba irin wanda kake so ba. Rubuta wa malamin da kake son yin karatu a ƙarƙashinsa kai tsaye ka tambaye shi ko yana da firij ɗin a lab ɗinsa ko kwaikwayo kawai suke yi a kwamfuta.

Kafin nan ka koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, da Qiskit, manhajar IBM ta kwamfutar kwantom, kyauta ne. Kuma don Allah kar wani ejan ya ce ka shigo da bizar umara wai ka nemi admishan daga baya, takardar makaranta za ka fara samu tukuna. Turo min transkirif ɗinka in gani, ka gaida su Umma.