Amsa ga mai tambaya kan dashen haƙori da ciwon suga

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tambayarki ta ko mai suga zai iya dashen haƙori sai da ta faɗar mini da gaba, don ni na riga ki faɗawa wannan ramin.

Ana yi. Amma don Allah kada ki bari a huda miki muƙamuƙi sai kin yi HbA1c, wato gwajin jinin da ke nuna yadda suganki ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Nawa ashe ya haura 9 a lokacin. Likitan da ya yi mini dashen, yatsa kawai ya soka da safe, ya ce komai lafiya. Ni kuma kwana uku na yi ina gudun tuwo da shinkafa don lambar ta yi kyau, wannan laifina ne, na yarda. To shi da ya yi karatun fa?

Ƙarfen da ake dasawa sai ƙashi ya kama shi, wata 3 zuwa 6, suga kuwa in ya yi yawa ciwo ba ya warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Nawa bai kama ba. Ranar sunan jikata ina tsakiyar mata na ji ɗanɗanon mugunya a bakina, dasashi ya kumbura suntum. Da mayafi na rufe baki har taro ya watse, ana ta cewa Hajiya yau ba fara'a. Da na koma, mutumin nan ya dubi tsabar idona ya ce wai ba na wanke baki. Ni! Ya cire abinsa, kuɗin adashina na shekara suka bi ruwa, ko sannu babu. Na bar shi da Allah.

Likita ta biyun da na je wurinta, Allah ya saka mata, cewa ta yi ba za ta taɓa ni ba sai na sauko kusa da 7, kuma sai da ta fara maganin dasashin. In naki yana jini wajen asuwaki, ki faɗa musu.

Sannan ki kula da kunu da koko bayan aikin. Ba a iya tauna, sai 'yan dubiya su yi ta dama miki da suga, wai tausayi. Ki riƙa gwaji kullum. Ranar aikin ma ki tambaya yadda za ki yi da abinci da allurarki, kada sugan ya faɗi kina kan kujera.

Nawa ne HbA1c ɗinki na ƙarshe? Ki rubuto mu gani tukuna.